Akushin mangwaro

Wallahi har yau in na tuna ban san me ya kai ni ba. Ƙarshen damina ne, iska ta taso da daddare ta kayar da tsohuwar bishiyar mangwaron da ke bakin layinmu a Agege, gari na wayewa kowa ya fito da adda yana saran na girki, ni kuma na tsaya kan gindin kamar wanda ya tsinci kuɗi. Dama kwanakin na kamu da kallon wasu Turawa a YouTube, mutum zai ɗauko kututture duk hudar ƙwaro ya ɗaura a inji yana juyawa, kafin ka ce kwabo ya fito da kwano sai sheƙi yake. Na ce to wannan ai akushi ne aka sa wa gayu, a irinsa kakata take zuba mana tuwo a Katsina.

Na biya mai baro ya kai min gungumen wajen wani dattijo Bayarabe mai injin gurza ƙafafun kujera da na gado. Ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce Malam ɗanye ne. Da 'yar Hausarsa da ya tsinta wajen fataken shanu ya yi min bayani, wai ɗanyen icce sai an tsaga shi biyu an fitar da zuciyar don daga nan tsagewa take farawa, sannan a fafe shi da kauri a ajiye wata da watanni ya bushe a hankali kafin a sake ɗaurawa. Na ce haba Baba, a bidiyo minti 12 suke yi. Ya daɗe yana kallona, ya ce kuɗinka ne.

Inji na tashi ruwan icce ya fara feshi, ni ko na je da farar shadda. Ba a jima ba sai ji muka yi ƙas, cizal ya yi tsalle a hannun Baba. Ashe ƙusa ce, irin wadda matan layi suka buga tun tale-tale don igiyar shanya, bishiya ta haɗiye abarta ta yi shiru. Uku muka ciro. Kuɗin wasa cizal a kaina, aka ɗauke wuta, man janareto ma a kaina.

Amma fa abin ya fito da kyau, gaskiya ɗaya ce. Na shafe shi da man gyaɗa na ɗora kan shokes, duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Uwargida ta juya shi ta ce Maigida nawa ka ce ya ci? Na rage rabi na faɗa mata, duk da haka sai da ta yi salati.

Sati uku bakinsa ya karkace ya koma kamar ƙwai. Da ɗan hunturun Legas ya leƙo a Disamba, cikin dare muka ji tas! na diro daga gado da taɓarya ina neman ɓarawo, ashe akushina ne ya dare daga baki har gindi. Na kwaɓa garin katako da gam na cike tsagar, na ce ai Turawan ma haka suke yi har su ce ado ne.

Ranar da yayan matata ya zo daga Mile 12 na dage sai a ciki za a zuba. Tuwon shinkafa miyar kuka. Muna bismillah na ga yana janye ƙafa, miya ce take tsiyaya ta hudar ƙwaro tana bin tabarma ta nufi wandonsa. Bawan Allah bai ce komai ba sai "a kawo faranti."

Yanzu makullai da rimot ake zubawa a ciki. Ragowar gungumen yana nan ƙarƙashin bene wai yana bushewa, jiya na leƙa na tarar gara ta riga ni fara fafewa.