Daji Ba Ya Tsayuwa da Alkawari

A shekarar 2007 gwamnatin ƙasar Ikwado da ke Kudancin Amurka ta gabatar wa duniya wani tayi da har yau nake ganin ya fi kowanne fitowa fili: za ta bar man fetur ɗin da ke kwance a ƙarƙashin wani sashe na dajin Yasuni, muddin ƙasashe masu hali za su haɗa mata dala biliyan 3.6, wato kusan rabin abin da za ta samu idan ta haƙo shi. Bayan shekara shida, abin da ya shiga asusun bai wuce dala miliyan 13 ba, sai Shugaba Rafael Correa ya janye shirin a 2013, daga baya kuma aka fara haƙar man.

Wannan labari ne ke faɗo mini a rai duk lokacin da aka yi maganar tsarin REDD+, wanda a ƙarƙashinsa ake biyan ƙasashe masu tasowa idan suka rage sare dazuzzuka. Manufar tana da kyau, kuma ƙasar Norwe ta cancanci yabo domin ta sa hannu a aljihu fiye da takwarorinta, amma jinkirin ya yi yawa. Norwe ta yi wa Indunusiya alkawarin dala biliyan 1 a 2010, kuɗin sakamako na farko, dala miliyan 56, bai fito ba sai 2022. Gabon, wadda daji ya lulluɓe mafi yawan ƙasarta, dala miliyan 17 ta karɓa a 2021.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manomin da ke zaune a bakin daji. Gonarsa ta gaji, ga iyali, ga dillalin katako tsaye a gabansa da kuɗi a hannu yana jiran ya ɗauki gatari. Ta yaya za a ce masa ya haƙura saboda wani kuɗi da sai an auna dajin da tauraron ɗan'adam, an tantance rahoto, sannan ya sauka a babban birnin da bai taɓa zuwa ba?

Shi ya sa nake goyon bayan sharaɗin sabon asusun kare dazuzzuka da Birazil ta ƙaddamar a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Belem a 2025, cewa aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ya tafi ga 'yan asalin daji da al'ummomin da ke kewaye da shi. A ganina kason ya yi kaɗan, kuma dole gwamnatocin da suka karɓa su riƙa bayyana nawa ya isa kowane ƙauye.