Kawu da Sabunta Windows

"Ni za ta ba umarni a cikin gidana?" in ji Kawu, yana nuna allon kwamfutar da yatsa. "Wai kada in kashe ta. Ni na saye ta, ko ita ta saye ni?"

"Kawu, sabuntawa take yi," in ji Sani. "Microsoft yana sakin gyare-gyaren Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma idan aka yanke mata wuta tana tsakiyar aiki, fayilolinta suna iya lalacewa."

"Ai na riga na zare soket sau uku, domin ta san wane ne babba."

Saboda yankewar da aka yi ta yi mata, kwamfutar ta buɗe shafin gyara kanta, kamar yadda Windows yake yi idan ya kasa tashi a jere. Kawu ya gyara zama, ya ce ta ji tsoro ne.

Da ta tashi, Sani ya sake gwada sabuntawar, sai ta fito da lamba 0x80070070.

"Lambar wayar masu kamfanin ke nan. Kira su, ka ce ni ne."

"Ba lambar waya ba ce, Kawu. Tana nufin ma'ajiyar ta cika, babu wurin da za a sauke sabon abu. Ga abin da ya cika ta nan: hotonka ɗaya sau goma sha huɗu, da bidiyon jawabinka kwafi shida."

"Ba ɗaya ba ne. A na bakwai gilashina ya fi zama daidai, a na tara kuwa duk wanda ya kalla zai gane mutum ne mai zurfin tunani."

"To mu mayar da su kan filashi."

"In koma filashi, ita kuma sabuntawa ta zauna a wurina? Goge takardun makarantarka."

Sani bai tanka ba. Ya share fayilolin wucin gadi, ya kwashe kwandon shara, wanda shi ma hotunan Kawu ne a ciki, sannan ya sake kunna ta. Ta haura 30, ta haura 75, ta kai kashi 100 cikin 100, kuma duk da haka ta ce a jira. Wannan lissafi kam, wanda ya tsara shi ne kaɗai ya san inda ya koyo shi.

"Yanzu na gane," in ji Kawu, yana miƙa hannu wajen soket. "Na huɗun take nema."