Wai mun fi Jamus farfaɗowa bayan korona? A bi lissafin a hankali

Duk watan Afrilu da Oktoba idan asusun ba da lamuni na duniya IMF ya saki hasashensa kan tattalin arzikin ƙasashe, kafin ka ce kwabo 'yan soshiyal midiya sun yanko jadawalin sun baza a Facebook da WhatsApp, ga Najeriya da kashi 3 da 'yan kai, ga Jamus a wajen sifili ko ƙasa da haka, sai ka ga wani ya rubuta da manyan baƙaƙe wai mun wuce Jamus, mun wuce Ingila, masu hassada sai su mutu. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, tattalin arzikin Jamus ya ɗan ja baya a 2023 da 2024, namu kuma a takarda ya ƙaru. Amma wannan jadawalin na kashi-kashi shi ne hanya mafi sauƙi ta ruɗar mutane a kan wa ya farfaɗo daga annobar korona da wanda har yanzu yake kwance, kuma 'yan siyasa na kowace ƙasa sun san haka sarai.

Ɗauki ɗan kasuwa mai jarin naira dubu ɗari, gobara ta cinye rabi ya koma dubu hamsin, shekara ta zagayo jarin ya ƙaru da kashi 50 cikin 100, to yanzu dubu saba'in da biyar gare shi. Maƙwabcinsa da wutar ba ta taɓa ba ya ƙaru da kashi 3 kacal, yana da dubu ɗari da uku. In jadawali za ka bi, na farko ne gwarzon shekara. Haka aka yi da Birtaniya, a 2020 tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi 10, faɗuwar da aka ce rabon da a ga irinta an fi shekara 300, da 2021 ta zo aka samu ƙarin sama da kashi 7 sai firaministanta na lokacin Boris Johnson ya dinga shiga majalisa yana bugun ƙirji cewa su ne suka fi kowa saurin bunƙasa a cikin G7, ƙungiyar manyan ƙasashe bakwai masu arziki. To ai dole, wanda ya fi zurfi a rami shi zai fi yin tsalle mai tsawo. Tsibiran Maldibis da suka dogara da 'yan yawon buɗe ido sun rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na tattalin arzikinsu a 2020, shekarar da ta biyo baya suka yi sama da fiye da kashi 30, ba wata dabara aka yi ba, jirage ne suka dawo tashi.

Sannan akwai waɗanda ma ba su faɗi ba. Sin ta ƙaru da kashi 2 da ɗoriya a 2020, Biyetnam kusan kashi 3, Habasha kusan 6. Ita kuwa Guyana, wata 'yar ƙasa a Kudancin Amurka da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, sama da kashi 40 ta yi a tsakiyar annoba, dalili kuwa a watan Disambar 2019 aka fara haƙo mai a tekunta. Ko nan kusa da mu, Jamhuriyar Nijar ta samu ƙarin sama da kashi 3 a 2020 lokacin da manyan ƙasashe ke kuka, a 2021 da duniya ke murnar farfaɗowa ita kuma ta sauko ƙasa da kashi 2 saboda damina ba ta yi kyau ba, a 2022 da aka samu amfanin gona ta haura kashi 11. Kaga kenan a Nijar ruwan sama ne ke rubuta jadawalin, korona 'yar rakiya ce. Wanda zai ɗora Nijar da Sifaniya a layi ɗaya ya ce waccan ta fi wannan iya tafiyar da annoba, wallahi bai san me yake kwatantawa ba.

Abin da ya raba ƙasashe a zahiri, a ganina, shi ne wa ke da halin ciyar da mutanensa lokacin da ya ce musu su zauna a gida. Amurka a watan Maris na 2020 ta zartar da tallafin dala tiriliyan 2.2, aka tura wa mutane dala 1,200 kai tsaye, daga baya aka ƙara 600, Biden ya hau a 2021 ya sake zuba tiriliyan 1.9 aka ƙara musu 1,400. Rashin aikin yi da ya kai kusan kashi 15 a Afrilun 2020 ya sauko ƙasa da kashi 4 a 2022. Birtaniya ta ɗauki nauyin kashi 80 na albashin ma'aikatan da kamfanoni suka ce su zauna a gida don kada a sallame su, Jamus na da irin wannan tsarin tun da daɗewa ta faɗaɗa shi, Japan ta ba kowane mazaunin ƙasar yen dubu ɗari. Daga ina kuɗin? Bashi ne, amma bashin da suka ci da kuɗin ƙasarsu, a lokacin da kuɗin ruwa ke dab da sifili, babban bankinsu kuma na tsaye yana saye.

Mu kuma fa? A watan Yunin 2020 gwamnatin Buhari ta amince da shirin naira tiriliyan 2.3 wanda kwamitin Osinbajo ya tsara, a canjin lokacin kamar dala biliyan 6 kenan, in ka raba wa mutum miliyan 200 kowa zai tashi da abin da bai wuce dala 30 ba, ko da a ce duka kuɗin sun fito kuma sun isa inda aka nufa. Tallafin farko na Amurka kaɗai in ka raba shi haka ya haura dala dubu shida a kan kowane mutum. Ga farashin ɗanyen mai ya rushe a daidai lokacin, har sai da muka karɓi dala biliyan 3.4 na gaggawa daga IMF a watan Afrilu. Kuma kowa ya tuna abin da ya faru a Oktoban 2020 bayan zanga-zangar EndSARS, yadda jama'a suka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafin korona a jihohi da dama, hoton Bukuru ta Jos har yanzu yana idon mutane, matasa a kan rufin sito sun ɓanɓare kwano suna jefo buhuna ƙasa, mata da tsofaffi kowa da abin da kansa zai iya ɗauka. Gwamnoni suka ce wai an ajiye ne saboda zagaye na biyu na cutar. Wata shida bayan an kulle mai facin taya da mai sayar da ƙosai a gida, abinci na kulle a sito. Kowa dai ya yi wa kansa alƙalanci.

Ko taimakon da aka ce na duniya ne haka ya kasance. A watan Agustan 2021 IMF ya raba wa ƙasashe kuɗin ajiya na musamman da ya kai dala biliyan 650, mafi girma a tarihinsa, amma da yake gwargwadon hannun jarin kowace ƙasa ake rabon, Afirka kaf ɗinta kusan biliyan 33 ta samu, Amurka ita kaɗai ta ninka hakan sau uku har da ɗori.

To tsugune ba ta ƙare ba, domin kuɗin da masu hali suka zuba, haɗe da cunkoson kaya a tashoshin jiragen ruwa da yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, su suka haifar da tsadar da ta kai kashi 9.1 a Amurka a watan Yunin 2022, ta haura 11 a Birtaniya. Babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa daga kusan sifili har ya wuce kashi 5 a 2023, dala ta fara komawa gida, duk ƙasar da ta ci bashi da dala sai ta wayi gari bashin ya yi mata nauyi. A nan ne jadawalin ya fi ba da kunya. Ghana ba ta faɗi ƙasa da sifili ba a 2020, a 2021 ta yi sama da kashi 5, duk wanda ya kalli takarda zai ce ga zakaran gwajin dafi a Afirka ta Yamma. Disambar 2022 ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, hauhawar farashi ta kai kashi 54, aka taɓa kuɗin waɗanda suka ba gwamnati rance a cikin gida har 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, cikinsu har da tsohuwar babbar jojin ƙasar Sophia Akuffo. Sri Lanka ma ta nuna ƙari a 2021, a 2022 man fetur ya gagara, mutane suka mamaye fadar shugaban ƙasa, Gotabaya Rajapaksa ya tsere. Turkiyya kashi 11 ta yi a 2021, shekara guda bayan nan tsadar kaya ta haura kashi 85.

Wani zai ce to ai ita ma Amurkan ba ta sha da daɗi ba, kuma gaskiya ne. Bashinta ya haura dala tiriliyan 30 tun farkon 2022, kuma duk da cewa a cikin manyan ƙasashe masu arziki ita ta fi kowa wuce inda take kafin annoba, Amurkawa da suka je rumfar zaɓe a Nuwamban 2024 farashin ƙwai da kuɗin haya suka tuna, suka dawo da Trump. Ita ma Sin da aka yi ta yabo a 2020, ta nace wa kulle har sai da ta rufe Shanghai wata biyu a 2022, bunƙasarta ta sauko kashi 3, kamfanonin gine-gine irin su Evergrande suka durƙushe, rashin aikin matasa ya kai kashi 21.3 a tsakiyar 2023 sai hukuma ta dakatar da fitar da alƙaluman na wani lokaci. Wato wanda ya ci tseren ya danganta da shekarar da ka busa usur.

Mu dawo gida, don nan ne abin ya fi ci min rai. A farkon 2021 hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce tattalin arzikinmu ya ƙaru da kashi 0.11 a watanni ukun ƙarshe na 2020, aka yi ta shelar cewa mun fita daga karayar tattalin arziki. Alhali yawan jama'armu na ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara, don haka duk ƙarin da bai kai wannan ba rabon kowane mutum raguwa yake. Kuma ba korona ce ta fara mana wannan ba, mun shiga karaya a 2016, a 2017 ƙarin bai kai kashi 1 ba, 2018 da 2019 muna ta lilo a wajen kashi 2. Annoba ta tarar da mu muna ɗingishi ne, ga boda a rufe tun Agustan 2019 har Disambar 2020, bayan ta wuce kuma muka ƙara wa kanmu da canjin takardun kuɗi a farkon 2023 da mutane suka kwana a layin ATM, sai cire tallafin mai da sakin naira a tsakiyar shekarar. Ni ban ce tallafin mai abu ne da za a iya ci gaba da shi har abada ba, wannan muhawara ce ta wata rana, abin da nake cewa a daina jingina wa korona abin da hannunmu ya yi.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira dubu 30, litar fetur 145, wato albashin na sayen lita sama da 200. A 2024 aka mai da shi dubu 70, kafin shekarar ta ƙare lita ta haura dubu ɗaya, lita 70 ma da ƙyar. Wannan shi ne ma'aikacin da ake cewa ƙasarsa ta wuce Jamus.

Sannan a riƙa lura da inda aka canza ma'aunin kansa. Rashin aikin yi a Najeriya kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, da NBS ta sake fitar da alƙaluma a 2023 sai ga kashi 4.1, ba masana'antu aka buɗe ba, tsarin ƙirga aka sauya zuwa na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, inda wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Hauhawar farashi kashi 34.8 a Disambar 2024, wata guda bayan nan ta zama 24 da ɗoriya saboda an sabunta kwandon kayan da ake aunawa da shekarar da ake farawa daga ita. Ba zamba ba ce, ƙasashe na yin haka, amma wanda ya ɗora tsohuwar lamba kusa da sabuwa ya ce ku ga aikinmu, shi ne ya yi zambar.

In kwatance ake so na gaskiya, a bar Jamus ta huta, a duba maƙwabtan da annoba ɗaya ta same mu tare kuma su ma ba su da dalar rabawa. Jamhuriyar Benin ba ta faɗi ba a 2020 duk da bodarmu da ke rufe a fuskarta, a 2021 ta yi kashi 7, tun daga nan take wajen kashi 6 zuwa sama, tsadar kaya kuma ba ta taɓa kusantar tamu ba. Kwaddibuwa ma kusan haka. Eh, sefa a ɗaure take da yuro kuma wannan ɗaurin na da nasa illolin da 'yan ƙasashen suke ƙorafi a kai, amma je ka tambayi ɗan canji a Illela ko Jibiya ko Maigatari. A 2019 jaka guda ta sefa, wato sefa dubu ɗaya, wajen naira ɗari shida take, a 2024 sai ka ba da kusan dubu biyu da ɗari biyar kafin a miƙo maka ita, shi ya sa mai sefa ke shigowa Dawanau ya loda masara da gero a farashin da shi a wurinsa araha ne, ɗan Kano na tsaye a gefe yana tambayar nawa ne rabin kwano.