Ubansa Aka Ɗaure, Shi Me Ya Yi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Akwai wani hadisi da muka sha ji a wa'azi, amma kusan kullum a babin haddi ko babin tuba ake kawo shi. Yau ina so mu dube shi ta wajen yaron da ke cikinsa.

Imam Muslim ya ruwaito daga Buraida, Allah Ya yarda da shi, cewa wata mata 'yar ƙabilar Gamid ta zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce ta yi zina, a tsarkake ta. Ya mayar da ita. Ta dawo ta ce ai tana ɗauke da ciki. Ya ce ta tafi sai ta haihu. Da ta haihu ta zo da jaririn a naɗe cikin tsumma. Ya ce ta koma ta shayar da shi har ta yaye. Ranar da ta yaye shi ta sake dawowa, yaron na riƙe da gutsuren gurasa, ta ce: ga shi ya Annabin Allah, na yaye shi, har ya fara cin abinci. Sai Manzon Allah ya miƙa yaron ga wani mutum cikin Musulmi, sannan aka zartar da hukunci. A wata ruwayar ta Muslim ɗin, Annabi cewa ya yi ba za a jefe ta a bar ɗanta ƙarami babu mai shayar da shi ba, sai wani mutumin Ansar ya miƙe ya ce: shayar da shi yana wuyana, ya Annabin Allah.

Ku lura, laifin ya tabbata, da bakinta ta faɗa. Duk da haka hukunci ya tsaya ya jira yaro. Ba a taɓa uwar ba sai da aka san hannun da ɗanta zai koma. Kuma mutumin nan da ya miƙe bai tambayi ɗan waye ba, don ya sani sarai, gaba dai ya shigo.

To mu a yau, wa ke miƙewa?

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa mutanen da ke tsare a gidajen yari a faɗin duniya sun haura miliyan 11, kuma kusan ɗaya cikin kowane uku ba a ma yanke masa hukunci ba, jiran shari'a yake yi. Mafi yawansu maza ne. Kowannensu yana da lamba, yana da fayil, ana ƙirga shi safe da yamma. 'Ya'yan da ya bari a waje kuwa ba su da fayil a teburin kowa.

Idan magidanci ya rasu, gida kan cika. A yi ta'aziyya, a yi addu'a, a shafa kan yara, kowa ya san sunansu marayu. Matar ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta san ranar fita. Amma ranar da aka tafi da magidanci da ankwa a hannu, gidan tsit yake yi. Maƙwabcin da ke shigowa kullum ya canza hanya. Dangi su ce kada a sa sunansu a ciki. Matar ba bazawara ba, ba mai miji a gida ba, kuma ba ta san ko wata shida za ta jira ko shekara goma ba. Yaran kuma ba marayu ba ne a fiƙihu, tunda maraya shi ne wanda ubansa ya rasu kafin ya balaga, saboda haka duk jerin sunayen da aka rubuta na tallafin marayu sai ya tsallake su. Maraici suke yi da uba a raye, ba tare da ladabin da muke yi wa maraya ba.

Kuma asarar biyu ce. Abin da yake shigowa da shi ya tsaya a ranar, abin kashewa kuma ya ƙaru: ga lauya, ga neman beli, ga kuɗin mota zuwa kotun da za a ɗage zama, ga abin da za a kai masa ciki. A sayar da wannan, a jinginar da wancan. Mai gidan haya ya fara sallama da wata irin murya. Babban yaro ya bar makaranta ya shiga neman na abinci. Yarinya ta fara karɓar kyautar wanda ba don Allah yake bayarwa ba. Idan kuwa uwar ce aka ɗaure, sau da yawa rarraba yaran ake yi, wannan gidan goggo, wancan gidan kawu, 'yan uwan da suka saba kwana ɗaki ɗaya su wuni ba su ga juna ba. Ƙananan akan ce musu baba ya yi tafiya. Gaskiyar kuma a bakin abokan wasa suke jin ta, ranar da aka yi faɗa, cikin zagi.

Na san abin da zuciya ke raya wa wasunmu, don ta taɓa raya mini: ai shi ya jawo, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na yarda. To 'yan tsakin da ke cikin sheƙa fa, su ma sun ja ruwan ne? Allah Ya maimaita mana a Alƙur'ani, a An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najmi, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Lokacin da 'yan uwan Annabi Yusuf suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙaninsu, cewa ya yi: Allah Ya tsare mu kama wani in ba wanda muka sami kayanmu a wurinsa ba, in mun yi haka lalle mu azzalumai ne. A Hajjin Ban-kwana, kamar yadda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, Manzon Allah ya shelanta cewa mai laifi kansa kaɗai yake jawo wa, ba a kama ɗa da laifin uba, ba a kama uba da laifin ɗa. Alƙali mutum ɗaya ya ɗaure. Mu ne muke ƙara wa hukuncin mutum biyar daga waje, ba tare da zaman kotu ba.

Sannan ba duk wanda ƙofar kurkuku ta rufe a kansa ne mai laifi ba. Annabi Yusuf ya yi shekaru a ciki saboda ya ƙi saɓon Allah. Imam Ahmad bin Hambal an kama shi a shekara ta 218 bayan Hijira saboda ya ƙi yarda da cewa Alƙur'ani halitta ne, ya yi sama da shekara biyu a tsare, an yi masa bulala. A lokacin ɗansa Abdullahi bai wuce shekara biyar ba. Wannan yaron, ɗan fursuna a idon hukumar zamaninsa, shi ne ya girma ya ruwaito mana Musnad, babban littafin hadisi, daga mahaifinsa. Amma kada mu fake da wannan, mu ce sai 'ya'yan wanda aka zalunta za mu taimaka. Ko da uban ya yi kisa ne, cikin yaron bai san haka ba idan yunwa ta taso. Kuma taimakon ɗan mai laifi ba cin amanar wanda aka cuta ba ne. Iyalan wanda aka cuta suna da haƙƙi a kanmu, babba ma, a sauke musu nasu. Haƙƙi ɗaya ba ya cinye ɗaya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna hana 'ya'yansu wasa da yaron. Ina suka bar Annabi Ibrahim da ubansa Azara? Ina suka bar Ikrima ɗan Abu Jahil? Abdullahi bin Ubayyu shugaban munafukai ne, amma ɗansa Abdullahi sahabi ne na ƙwarai, kuma da uban ya mutu ɗan ya roƙi rigar Annabi don a yi masa likkafani, Annabi ya ba shi. Mu kuwa sai mu kira yaro ɗan ɓarawo tun yana shekara bakwai, bayan Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙabi a Suratul Hujurat, mu rufe masa kowace ƙofa, ya rage masu buɗe masa sai 'yan ƙwaya da ɓata-gari. In ya lalace mu ce da ma mun faɗa. Mun faɗa ne ko mun gina?

Yanzu maganar karo-karo. Wannan ba sabon abu ba ne da ƙungiyoyi suka ƙirƙiro. Muslim ya ruwaito daga Jarir bin Abdullahi cewa wasu mutane, yawancinsu 'yan ƙabilar Mudar, sun iso Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Annabi ta canza don ganin halin da suke ciki. Ya sa Bilal ya kira salla, ya yi salla, ya yi huɗuba, ya ce mutum ya bayar daga dinarinsa, daga dirhaminsa, daga tufarsa, daga sa'in alkamarsa, daga sa'in dabinonsa, har ya ce ko da tsagin dabino ne. Wani Ba'ansare ya zo da ƙunshin da hannunsa ya kasa ɗauka, mutane suka biyo baya, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Annabi ta yi haske kamar zinare. A nan ne ya faɗi hadisin wanda ya sunnanta kyakkyawar sunna yana da ladanta da ladan waɗanda suka yi aiki da ita. Hadisin da muke ta jayayya a kansa, asalinsa gidauniya ce.

Sai dai bukatar mutanen Mudar ta rana ɗaya ce, ɗauri kuwa na shekaru ne. Nan muke faɗuwa. Na taɓa shiga cikin masu tarawa, makon farko kowa ya zuba, aka kai, aka yi ta sa albarka. Bayan wata uku ko sunan gidan ba a ƙara ambata ba, ni ma ina cikin waɗanda suka manta, kuma shari'ar ba a ma fara sauraronta ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Mutum goma da za su ajiye ɗan abin da ba zai dame su ba duk wata, har ranar da za a sako shi, sun fi taron ɗari na yini guda. A sa mutum biyu ko uku masu amana su riƙe, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa masu zubawa, don kuɗin jama'a in babu rubutu shaiɗan ne ma'ajinsa. Kuɗin makaranta a kai makaranta, na haya a kai wa mai gida, a karɓo rasit. Kafin komai kuma a zauna da mai riƙe da yaran a tambaye ta me ya fi ci mata tuwo a ƙwarya, maimakon mu yanke mata daga nesa. Wataƙila jari take so, ba buhu ba.

Ya halatta a ba iyalan zakka in talakawa ne ko miskinai. Kuma a bincika da kyau, don akwai waɗanda abin da ya riƙe su a ciki tara ce da suka kasa biya, ko bashi, ko sharaɗin beli. Masu bashi suna cikin kaso takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba, kuma Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa Annabi ya ce a kwance kamamme, a ciyar da mai yunwa, a duba mara lafiya. Wani lokaci mafi girman abin da za a saya wa yaro shi ne dawowar ubansa.

Don Allah a ajiye waya. Kada a ɗauki hoton yaran, kada a rubuta sunan uban a Facebook ko a zauren WhatsApp da sunan neman tallafi. Abin da aka sa a intanet ba ya gogewa, yarinyar za ta girma ta tarar da shi ranar da ake binciken aurenta. Allah Ya ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, kuma tallata asirin gida cutarwa ce ko da niyyar mai kyau ce. Su masu zubawa ya ishe su su san akwai gida mai yara huɗu. Haka kuma kada a jira su roƙa, irin waɗannan gidaje kunya ta riga ta ɗaure musu baki, su ne waɗanda wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamewa.

'Yan uwa maza, kalma ɗaya tsakanina da ku. Matar nan matar aure ce. Wanda ya mayar da taimako tsani zuwa gare ta, ya san da wa zai haɗu. A bar mata su riƙa kaiwa, ko ka tafi da iyalinka.

Kuma kada a tambayi addinin yaron. Ayar Suratul Insan ta jera miskini da maraya da kamamme wuri guda, kuma an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa kamammun wancan lokacin mushrikai ne. Masu ciyarwar suka ce don Allah kaɗai muke ciyar da ku, ba ma neman sakamako ko godiya.

Wanda ba shi da abin zubawa yana da wani abin. Lauya ya duba fayil ɗaya kyauta. Malami ya riƙe yaron bayan an tashi, ya tsawata wa masu tsokanarsa. Mai mota ya ɗauki uwa da yara ranar ziyara, domin hanyar gidan yari kan yi nisa, kuma yaro na bukatar ya ga ubansa da idonsa ya san bai gudu ya bar shi ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta amince da haƙƙin yaro na ci gaba da hulɗa da iyayen da aka raba shi da su, sai in hakan zai cutar da shi, kamar idan shi aka yi wa laifin. In ziyara ta gagara, a taya shi rubuta wasiƙa.

Kai kuma da za ka shiga ka ga uban, kada ka tafi da wa'azi, ya sha shi a ciki. Abin da ke hana shi barci tambaya ɗaya ce da yake jin nauyin yi maka. Kafin ya buɗe baki ka ce masa: yara suna lafiya, an biya haya, ƙaramar ta shiga aji biyu.