Ranar da tifata ta daina jin maganata

Duk mai shagon cajin waya a ƙauye ya san rabin sabon abin da ke shigowa gari ta hannunsa yake bi. Nawa shagon yana bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Gezawa ya nufi Ringim, kuma ban da caji da gyara, ina tura wa mutane karatu da finafinai a memori. A cikin wannan ture-turen ne wani direba ya bar mini bidiyon wasu manoman Amurka da suka mai da tarakta abin gasa. Ba tsere suke ba, jan kaya suke. A ɗaura wa tarakta wata doguwar tirela, ta yi ta gurnani tana feshin baƙin hayaƙi, wanda ya fi nisa kafin ƙarfinsa ya ƙare shi ya ci.

Na bi diddigin abin har datata ta yi kuka. Asalinsa da dawakai manoma suke yi, kowa na cika bakin nasa ya fi ƙarfi, daga baya injina suka gaje wasan. Akwai wani gari Bowling Green a jihar Ohayo da ake babban taron gasar tun 1967, kuma a 1969 suka kafa ƙungiya ta ƙasa don a daina rigima kan doka. Tsawon filin a al'adance ƙafa 300 ne. Wasu har injin jirgin sama suke ɗora wa taraktar, wasu su jera injina da yawa a kan gangar jiki ɗaya. Mu nan ana neman tarakta ɗaya a yi huɗa da ita ana bin layi har damina ta yi nisa, amma wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya tafi da hankalina shi ne tirelar. Bayanta tayoyi ne, gabanta wani faffaɗan farantin ƙarfe ne da ke shafar ƙasa. A samanta akwai akwatin nauyi, a wajen manya yakan kai kusan tan 29. Lokacin tashi akwatin yana can baya a kan tayoyi, ja ba wuya. Tana tafiya tayoyinta na juya giya, giyar na turo akwatin gaba sannu a hankali, har nauyin ya dawo kan farantin ya danne shi cikin ƙasa. Wato ka tashi kana jan amalanke, kafin ka kai ƙarshe ta rikiɗe ta zama garma. Sai kuma na ga akwai masu yin wannan wasa da ƙananan motocin rimot, sun rage komai zuwa kashi ɗaya cikin goma, fili ƙafa 30. Nan na ce to, wannan kam bai fi ƙarfin mai shagon caji ba.

Taubashina, ɗan kawuna mai walda, yana zaune a benci yana jiran wayarsa ta cika ya leƙo.

"Kai da motar kara ma ba ka iya ɗaura mata taya muna yara, kai ne za ka ƙera wannan?"

Na ce, "Ɗan Kawu, kai dai tanadi zakara. Bayan Sallah mu haɗu a filin firamare."

Kafin magariba magana ta zaga majalisar mai shayi, ba halin janyewa.

Ni tunda na fahimci sirrin abin ban wahalar da kaina neman gudu ba. Jan kaya ƙarfi yake so da taya mai kama ƙasa. Na shiga Kano, na faɗa Ƙofar Ruwa wajen masu tsofaffin kayan mota, na ce injin waifa nake nema. Mai shagon ya tambaye ni na wace mota, na ce ta wadda ban ƙera ba tukuna, ya dube ni ya ƙara kuɗi. Injin waifa bolt 12 yake ci, kuma a cikinsa akwai giya mai murɗaɗɗen zare da ke rage gudu ta mai da shi ƙarfi. Juyinsa a minti bai fi hamsin zuwa sittin ba, amma in ya kama abu ba ya saki. Wata ɗabi'arsa kuma ita ce ba ya juyuwa da hannu daga wajen taya. In ba wuta ka ba shi ba, ko ka yi ta murɗawa har gobe yana nan inda yake. A lokacin wannan ɗabi'a burge ni ta yi.

Rimot kuwa a Sabon Gari na samo, na wata motar wasan yara ta gwanjo da ta rasa taya biyu. Fanel ɗinta kawai nake so da ɗan injin sitiyarinta. Irin waɗannan fanel ba sa ɗaukar wutar injin waifa, suna gani za su ƙone, don haka na sa rile guda biyu a tsakani: fanel ta taɓa rile, rile ya buɗe wa batirin babur hanya, ɗaya na gaba ɗaya na ribas. A bayan rimot ɗin an manna wata 'yar takarda mai lamba 27, wato zangon megahaz 27 da yake magana a kai. Na gan ta sarai, na ma goge mata ƙura.

Gangar jiki da katako da langa-langa na yi, tsawonta ya ɗan haura kamu, na shafa mata shuɗin fenti na rubuta "Sai Haƙuri" a goshi. Tayoyi ne suka jawo mini surutu. Na yanka tsofaffin silifa zagaye-zagaye, na manne su biyar-biyar, na naɗe da tayar keke na tsaga mata haƙora da reza. Silifan nan wajen ɗan jari-bola na saye su da kuɗina, akwai shaidu. Amma aka yi rashin sa'a a makon takalman mutum biyu suka ɓace a ƙofar masallaci. Ba wanda ya ce mini komai. Sai dai na lura in na shigo sallar isha'i, dattawa kan koma su ɗauko takalmansu su ajiye a gabansu.

Gwajin farko a tsakar gida, na ɗaura mata bokitin ƙasa. Tana yunƙurawa sai ta ɗaga kai sama, tayoyin gaba suna lilo, ta zauna a kan gindinta. Dalili a fili yake: batirin babur na baya, ƙugiyar ja kuma ta yi sama da yawa, kaya na fizgar ta ta baya. Shi ya sa a wajen masu gasar tsayin ƙugiya ma da dokarsa. Ana son nauyi ya taru a tayoyin baya don su kama ƙasa, amma a bar wa gaba ɗan abin da zai riƙe sitiyari. Na sauke ƙugiya ƙasa, na shiga waige-waigen abin da zan ɗora a gaba, idona ya faɗa kan dutsen gugar uwargida.

"Malam, ina za ka kai mini dutsen guga?"

"Aro ne, aikin kimiyya za a yi da shi."

"Kimiyyar ce za ta goge wa yara kayan makaranta?"

Na yi alkawarin zakaran da zan ciyo nata ne har da kai da ƙafa. Ta ce ta ji, amma ta rantse in aka kwana biyu bai dawo ba, da rigata mai tamoji zan riƙa zuwa Juma'a. Na ɗaure dutsen da wayar ƙarfe tam. Makunnin motar yana ƙarƙashinsa, amma da tsinke ana iya kaiwa gare shi in ba sauri ake ba.

Tirelar gasa kafinta ya haɗa mana. Da farko mun so bin tsohuwar hanyar Amurkawan, don kafin a ƙirƙiro akwati mai tafiya, mutane ne ke jeruwa a gefen fili suna hawa kan abin jan ɗaya bayan ɗaya in ya zo wucewa. Muka jera yara da duwatsu a hannu. A gwaji aka gane yaran unguwar su taubashina tsakuwa suke sa wa tasa, tawa kuma su ɗora mata rabin bulo. Sai aka koma dabara: zaren buhu a sandar tayar tirela, tana juyawa yana naɗewa yana janyo akwatin gaba a kan layin katako. Aka cika akwatin da tsofaffin kusoshi da guntayen rodi. Filin ma sai da muka yi masa aiki, don ƙasarmu rairayi ce, taya ba ta samun abin kamawa. Muka kwaso jar ƙasa daga kududdufi, muka yayyafa ruwa muka daɓe.

Kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah, da la'asar, filin firamare ya cika har da masu awara da rake. Malamin lissafi ne alƙali, da tef ɗinsa na awo. Aka kawo wa Mai Unguwa kujera aka ajiye can ƙarshen fili, jikin bangon aji, ya zauna cikin farar babbar rigarsa ta Sallah mai aska takwas, ya baza ta har ƙasa.

Taubashina ya fito da tasa, ƙarfe zalla, da injin na'urar huda ƙarfe da sarƙar keke. Rimot ɗinsa kuma doguwar wayar lantarki ce da makunnin fitila, yana biye da motar a tsugunne. Na yi dariya har da riƙe ciki. Yana kunnawa ta zabura da ihu, ta watsa wa na gaba-gaba jar ƙasa, ta yi ƙafa goma cikin ƙiftawar ido. Da akwati ya fara matsowa sai tayoyi suka shiga juyawa a wuri ɗaya, ta haƙa wa kanta rami ta zauna, wari na tashi. Malam ya auna, ƙafa 19.

Ni ban bi tawa ba. Na tsaya a layin tashi, hannu ɗaya a aljihu, don jama'a su ga bambancin mai waya da mara waya. Batiran rimot ɗina tun safe na shanya su a rana, kowa kuma ya san hakan na ƙara musu kuzari. Na danna. Sai Haƙuri ta tashi a natse, ba ihu ba ƙura. Yara suka fara yi mata ba'a wai ko azumi take har yanzu. Ta wuce ƙafa goma. Ta zo ramin taubashina ta ratsa ta gefensa, fili ya ɗauki sowa. Akwati ya iso kan faranti, katako na ƙara, ita kuwa tafiyarta ba ta canza ba. Ina kallon Malam yana bin ta da tef, bakinsa na cewa ashirin da huɗu, ashirin da biyar.

Sai ta tsaya. Ta yi baya, ƙugiya ta zame ta faɗi. Ta karya hagu.

Yatsana yana kan gaba, ban taɓa komai ba. Na danna dama, ta ƙara hagu. Na saki rimot gaba ɗaya, ta ci gaba da tafiyarta. Jama'a suka ɗauka gwaninta nake, wani ya ce, "Kai, Injiniya, gaisuwa za ta je!" Aka hau tafi. Shi kansa Mai Unguwa ya ɗaga mata hannu yana murmushi. Da gudu take da kowa ya watse, amma abu mai tafiyar sannu ba wanda ke jin tsoronsa. Kafin in ratsa taron yara in isa, ta hau gefen babbar riga, haƙoran tayar keke sun cafki bakin zane, sandar taya ta fara naɗewa.

"Kai yaro, kirawo abinka!"

"Ranka ya daɗe, kiran nake, ba ta amsawa!"

Na durƙusa ina laluben makunni a ƙarƙashin dutsen guga, ba tsinke a kusa. Rigar na shigewa, Mai Unguwa na sunkuyowa ba don yana so ba, hularsa ta faɗi. Taubashina ne ya fizge wayar batir, yana dariya har hawaye. Mota ta tsaya, riga kuma ta ƙi fita. Ƙarti uku suka kama taya za su juya ta baya, injin waifa ya nuna musu halinsa. Mai rake ya miƙo wuƙa, Mai Unguwa ya ce duk wanda ya sa wa rigar nan ƙarfe ya nemi wani garin.

Ana cikin haka sai ga wata 'yar jar mota ta ɓullo daga bayan aji, jikan Mai Unguwa na biye da ita da rimot, tsarabar Sallah daga babansa da ke Kano. Na karɓa na juya bayansa: 27. Irin waɗannan masu arha ba su san mai su ba, duk wanda muryarsa ta fi ƙarfi a zangon shi suke bi. Na zamani masu gigahaz 2.4 ne ke ƙulla amana da rimot ɗaya. Yaron yana bayan bango da sababbin batira, ni ina can ƙafa talatin da shanyayyu.

Aka mai da wayar batir. Na ce a ba ni rimot ɗin yaron, ya sa kuka ya ƙanƙame abinsa. Mai Unguwa, kansa na kusa da gwiwa, ya ce, "Zo nan ja'iri, danna baya ka saki kakanka." Yaro ya share hawaye ya danna gaba. Sai da aka yi masa alkawarin awarar naira ɗari sannan ya gano ɗaya maɓallin, riga ta warware da tambarin taya tun daga gefe har kusa da aljihu.

Hukuncin Malam shi ne wai ba a ƙirga jan da mota ta bar fili, kuma haka dokar take a can ma. Na ce ƙafa 25 da bakinsa ya faɗa, kowa ya ji, kuma wanda ya fitar da ita daga fili ba ɗan gasa ba ne. Ya ce ba shi da hurumin hukunta jikan Mai Unguwa. Taubashina ya tafi da zakaransa, ya haɗa da nawa. Kuɗin wanki da guga na babbar riga ni na biya, a wajen mai wanki, tunda dutsen gidanmu hannunsa ya karye wajen kwancewa.

An sa ranar zagaye na biyu bayan an gama girbin gero. Na fara tara kuɗin rimot mai 2.4 a asusu, kuma a ɓoye nake yi, don labari ya iso mini cewa taubashina ya saya wa yaron nan batira kwali guda, ya ce ya adana su sai ranar.