Ba zinariyar kai wa kasuwa ba ce

Na karanta labarinku cewa masana a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba na ƙasar Switzerland sun mai da dalma zinariya, kuma a nan Jos, garin da aka saba da haƙar kuza, har na ji wani maƙwabcina yana tambayar nawa ake sayar da giram ɗinta. Ya kamata a fayyace wa masu karatu.

Cibiyar ƙwayar zarra ta dalma tana da ƙananan ƙwayoyin da ake kira furoton guda 82, ta zinariya kuma 79. Idan aka cilla cibiyoyin dalma cikin na'urar CERN mai siffar zobe, mai tsawon kilomita 27, da gudun da ya kusan kai na haske, wasu ba sa yin karo kai tsaye, gilmawa kawai suke yi dab da juna, sai ƙarfin lantarki da maganaɗisu ya fizge furoton uku daga cibiyar dalma, ta koma ta zinariya. Zinariyar da ta samu ko ƙwayar gero ba ta kai ba, kuma nan take take tarwatsewa.

Abin da ya fi burge ni, wanda labarin ya tsallake, shi ne karon gaba da gaba, inda zafi yake ninka na can cikin cibiyar rana fiye da sau 100,000, har furoton da niyutoron, wato ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, su narke su koma ƙananan sassan da suka haɗa su, wato kwak da guluwon, masu malala tamkar ruwa.