Abin da na gani a Hiroshima, 'yan uwa mu ji tsoron Allah

Assalamu alaikum jama'a. Wani aiki ne ya kai ni Osaka a ƙasar Japan, rana ɗaya na samu sarari nace bari in hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya, Shinkansen, in je Hiroshima in ga garin da muke jin labarinsa tun muna makaranta. Gaskiya da niyyar yawon buɗe ido na tafi, har da tunanin irin hotunan da zan saka a status. Garin fes, ga bishiyoyi ga koguna, yara 'yan makaranta suna ta wucewa a layi da hulunansu, wallahi in ba faɗa maka aka yi ba bazaka taɓa cewa nan aka jefa bam ɗin nukiliya ba.

Ranar Litinin ce, 6 ga Agusta 1945, ƙarfe 8:15 na safe, jirgin yaƙin Amurka ya saki bam guda ɗaya tak, ya fashe a sama wajen mita 600 kafin ya iso ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare mutum kusan 140,000 sun mutu. Ni dai lambar bata taɓa ni sosai ba sai da na shiga gidan tarihin nasu. Akwai matakalar dutse ta ƙofar wani banki da suka ciro suka ajiye, wani bawan Allah yana zaune a kai yana jiran a buɗe banki, zafin ya ƙone dutsen yayi fari sai wurin da yake zaune kawai ya rage baƙi kamar inuwa. Na daɗe a tsaye a nan. Mutum ya fito da sassafe don ya riga kowa layi, kamar yadda ni da kai muke yi, ƙila yana lissafin abinda zai saya in ya karɓi kuɗinsa. Can gaba ga kwanon abincin wani ɗan makaranta, shinkafar da uwarsa ta zuba masa ta zama gawayi a ciki bai ci ko loma ba. Ga agogo ya tsaya cak akan 8:15. Ga keken ƙaramin yaro duk ya ƙone.

Ayar ƙarshen Suratu Luƙman ce ta faɗo min, babu rai da ya san abinda zai aikata gobe, kuma babu rai da ya san a wace ƙasa zai mutu. Sau nawa muke karanta ta mu wuce? Dubi bam na biyu ma, ranar 9 ga watan, garin Kokura aka nufa da shi, hayaƙi da gajimare suka rufe garin matuƙin bai ga inda zai jefa ba sai ya juya Nagasaki. Mutanen Kokura sun kwana da rai basu ma san sun tsallake rijiya da baya ba.

Kuma don Allah kar wani yazo min a comment da cewa ai ba musulmi bane. Yara ne da mata da tsofaffi, Manzon Allah (SAW) ya hana kashe mata da yara ko a fagen yaƙi, kuma ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Hisabinsu yana wurin Allah, ba ni ba kai. Wanda zuciyarsa bata motsa ba da ganin keken yaron nan to ya binciki kansa.

Abinda ya ban kunya kuma, a gaban ginin nan mai ƙubba da ya tsira, wanda ya rage ƙarafuna da bulo a bakin kogi, na kama kaina ina gyara hula zan ɗauki selfi ina murmushi. Allah ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, mu kuma mun mayar da dubawar ta kyamara. Na maida wayar aljihu na samu benci na zauna.

A nan zaune na fara lissafin abubuwan da nake cewa sai anjima, ramuwar azumi, bashin da ake bina nake ta kwana-kwana, da yayana da muka fi shekara bama magana saboda maganar fili. Mai jiran bankin nan ma ai yana da nasa anjiman. Na ciro waya zan kira Yaya sai na tuna Japan ta riga mu da awa 8, a gida ko kiran assalatu ba a yi ba, sai na bar masa saƙon murya nace Yaya ni ne, ka yafe min, in ka idar da sallah ka kira ni.